Kimiyya a Sauƙaƙe: Wa ke nuna wa man katafila hanya?

A darasin fiziks mun koyi ƙa'idar Pascal: idan aka danna ruwa ko mai a rufaffen wuri, matsin yana isa ko'ina daidai wa daida. Da wannan ƙa'ida katafila ke ɗaga ƙasa. Sai dai famfonta gefe ɗaya kawai yake tura mai. To, yaya hannunta ke miƙewa kuma ya lanƙwashe?

Wannan aikin bawul mai raba mai ne. Mu tuna manomin rani: ruwa ɗaya ke zuwa, shi kuwa ya buɗe wa wannan fangali, ya toshe wancan. A cikin bawul ɗin akwai wata sandar ƙarfe da ke wannan aiki, mai gaɓa-gaɓa kamar rake. Wurare masu kauri suna toshe ƙofa, sirara kuma suna ba mai hanya.

Bawul da aka fi sani yana da ƙofofi 4: P daga famfo, T zuwa tanki, sai A da B zuwa gefe biyu na silinda. Idan direba ya tura liba, sandar ta zame, P ta haɗu da A, man B ya koma tanki, fistan ya fita. Idan ya jawo ta, P ta haɗu da B, fistan ya koma. Da ya saki, sifirin ya dawo da sandar tsakiya, A da B su toshe, hannun ya tsaya cak.

Amma kada tsayawar nan ta ruɗe mu. Dole a bar ɗan sarari tsakanin sandar da raminta don ta iya zamewa. Sararin bai kai kaurin gashin kai ba, duk da haka mai na silalewa ta nan, kaya kuma na iya saukowa sannu a hankali. Shi ya sa ake sauke bokitin katafila ƙasa kafin a kashe inji. Ƙura ma idan ta shiga man, takan goge sandar ko ta sa ta maƙale.

Saboda haka, a hanyarmu ta zuwa makaranta, kada mu taɓa shiga ƙarƙashin hannun katafila ko bodin tifa da ke ɗage, ko da injin a kashe yake.

Sai mako mai zuwa.