An Soke Dokar Faɗuwa Sau Uku A Jarrabawar Nas Da Ungozoma: Me Wannan Ke Nufi Gare Mu?

 

Wata 'yar'uwa ce ta aiko mana da takarda, ta ce 'yarta ta yi shekara uku cur tana koyon aikin ungozoma, ta zauna jarrabawar ƙarshe har sau biyu ba ta haye ba. Ta ce yanzu yarinyar ba ta ci ba ta sha, domin ta ji ana cewa in ta sake faɗuwa na uku shi ke nan, an kore ta daga wannan aiki. Uwar tana tambaya ko gaskiya ne. Na ga wannan tambaya ba ta gida ɗaya ba ce, saboda haka yau a kanta za mu tsaya.

Amsa a taƙaice ita ce, dā can gaskiya ne, amma yanzu an sake doka. Sai dai sabuwar dokar tana da sharuɗɗa waɗanda ya kamata kowace uwa da kowace ɗaliba ta san su.

WACE CE MAI JARRABAWAR?

Da farko dai ku sani, ba makarantar da yarinya ta yi karatu ce ke ba ta izinin aiki ba. Akwai hukuma guda ta ƙasa baki ɗaya, watau Majalisar Kula da Aikin Jiyya da Ungozoma ta Nijeriya, mai hedkwata a Abuja. Tun zamanin Turawa aka kafa hukumar ungozoma a shekarar 1930, ta masu jiyya kuwa a 1947, sa'an nan aka haɗe su wuri ɗaya a 1979 da dokar soja mai lamba 89. Ita ce ke amincewa da makaranta ko ta ƙi, ita ke tsara abin da za a koyar, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe, ita ce kuma ke ba da lasin yin aiki. Komai kyawun takardar da makaranta ta ba ki, in babu rajistar wannan Majalisa, a idon doka ke ba nas ba ce, ba kuma ungozoma ba.

Sau biyu ake yin jarrabawar a shekara. Ta aikin jiyya a watan Mayu da Nuwamba, ta ungozoma kuwa a watan Maris da Satumba. Kashi biyu ce babba. Akwai ta tambayoyi, wadda a 'yan shekarun nan ake amsawa a kan kwamfuta. Akwai kuma ta aiki da hannu, inda ɗaliba ke bin tebur-tebur, kowane da aikin da aka ajiye mata da 'yan mintocin da aka yanka mata, masu jarrabawa suna tsaye suna duba yadda take yi. Makin ci shi ne 50 cikin 100. Kuma ƙoƙarin da kika yi a wani sashe ba ya rufe miki faɗuwar wani. Wadda ta iya karatu amma hannunta na rawa wajen aiki ba ta haye ba, haka nan wadda ta iya aiki amma ta kasa amsa tambayoyi.

YADDA DOKAR TA KE DĀ, DA YADDA TA KOMA

Shekara da shekaru ƙa'idar ita ce ɗaliba tana da zama uku kacal. In ta faɗi na uku sai a sallame ta daga karatun. Ku duba fa, yarinya ta yi shekara uku, iyaye sun sayar da akuya da hatsi sun biya kuɗin makaranta, ta yi kwanan asibiti ba iyaka, amma ta dawo gida hannu rabbana.

A farkon watan Satumba na 2025 Majalisar ta aika wa makarantu da takardar sanarwa, da sa hannun Magatakardanta, Ndagi Alhassan, cewa an soke wannan ƙa'ida. Daga wannan wata, wadda ta faɗi wani sashe na jarrabawar za ta sake zaman wannan sashen kaɗai, har ranar da ta ci. Amma an gindaya abubuwa uku. Na ɗaya, lalle ne ta ci gaba da zama ɗalibar makarantarta. Na biyu, lalle ta halarci aƙalla kashi 80 cikin 100 na darussan aji da na aikin asibiti. Na uku, duk faɗuwar da mai maimaitawa ta sake yi, za a rubuta shi a kan makarantar.

To, 'yar'uwa mai tambaya, ki gaya wa 'yarki ta share hawaye ta ci abinci. Ƙofa ba ta rufe ba. Amma ki gaya mata kuma ba a gida za ta zauna tana jiran ranar jarrabawa ba, makaranta za ta koma.

ME YA SA AKA SAKE DOKAR?

In muka dubi halin da ƙasa ke ciki ba za mu yi mamaki ba. A watan Fabrairu na 2024 Magatakardan Majalisar na lokacin, Faruk Umar Abubakar, ya bayyana cewa ma'aikatan jiyya fiye da 15,000 ne suka bar Nijeriya zuwa ƙasashen waje a shekarar 2023 kaɗai. Gidan da tulunsa ke yoyo ba ya zubar da ruwan da ya rage.

Mu nan Arewa mu ne abin ya fi shafa. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a ƙasar nan a 2018 ya nuna cewa cikin kowace haihuwa 100, guda 43 ne kawai ƙwararren ma'aikacin lafiya ya karɓa, a jihohin Arewa maso Yamma kuwa ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Mun kuma san halinmu. Mata da yawa ba su yarda namiji ya duba su, mazajensu ma ba su yarda. In aka je asibitin ƙauye aka tarar babu mace, sai a juyo gida, a yi ta jiƙe-jiƙe har abu ya ɓaci. Saboda haka duk yarinyar da aka sallama bayan ta kusa gamawa, ba iyayenta kaɗai suka yi hasara ba, har da matan garinsu.

TSORON DA WAƊANSU KE YI

Akwai masu cewa wannan sassauci zai cika asibitoci da waɗanda ba su iya aiki ba. Suna cewa wadda ta kasa sau uku, yaya za a damƙa mata ran mai naƙuda? Wannan magana ba abar yarwa ba ce, domin rai ba abin gwaji ba ne. Amma mu lura da abu guda: ba a rage makin ci ba. Wadda ta ci a zama na farko da wadda ta ci a na huɗu, duk ma'auni ɗaya suka hau. Abin da aka cire shi ne kora, ba a cire jarrabawa ba. Kuma ba kowace faɗuwa ce rashin ƙoƙari ba. Wata ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ana gobe jarrabawa. Wata ta san aikin sarai, Turancin tambayar ne ya ɗaure mata kai. Wata da tsohon ciki ta shiga ɗakin jarrabawa, wata kuwa ta kwana a kan ɗanta marar lafiya.

Ni abin da nake jin tsoro daban ne, kuma guda uku ne.

Na farko shi ne sharaɗin kashi 80. Ga budurwa mai kwana a makaranta ba wani abu ba ne, amma ga matar aure bari mu yi lissafi. Tsakanin jarrabawa da jarrabawa wata shida ne, watau kamar mako 26. In ana zuwa kwana biyar a mako, kwana 130 ke nan. Kashi 20 cikin 100 da aka yafe ya kama kwana 26. To, macen da ta haihu a tsakani ta zauna jego na kwana arba'in, ta rasa kwanakin aiki kusan 30. Kun ga jego kaɗai ya isa ya hana ta zama. Ya kamata makarantu su fito fili su faɗa wa ɗalibai yadda za su yi da mai haihuwa, kada a bar abin a hannun son ran malami.

Na biyu shi ne kuɗi. Zama ba iyaka ba ya nufin zama kyauta. Kowane maimaici yana da kuɗin rajista, ga kuɗin mota, ga abinci, ga wata shida babu albashi. 'Yar mai hali za ta iya jurewa, 'yar talaka kuwa ko ba a kore ta ba, talauci zai kore ta. A nan gwamnatocin jihohinmu suke da aiki, musamman ga 'yammatan da ƙananan hukumomi suka turo daga ƙauyuka da alkawarin za su koma su yi wa garinsu aiki.

Na uku shi ne rubuta faɗuwa a kan makaranta. Manufar mai kyau ce, domin a tilasta wa malamai su zauna da mai rauni su gyara mata inda ta gaza. Amma dama kafin jarrabawar Majalisa kowace makaranta tana yin tata ta share fage, wadda ta ci ita ake gabatarwa. In shugabannin makaranta suka ji tsoron ɓacin suna, suna iya riƙe mai rauni a wannan mataki, shekara ta bi shekara ba a gabatar da ita ba. Ka ga an toshe ƙofar kora ta gaba an buɗe ta baya. Wajibi ne Majalisar ta sa ido a kan wannan.

GARE KU 'YAMMATA

Ke da kike makarantar sakandare kina sha'awar farin kaya, ki sani jarrabawar ƙarshe tun daga ajinku take farawa. Ana bukatar kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama bai fi biyu ba na WAEC ko NECO. Wadda ta yarda aka yi mata satar amsa ta sami waɗannan takardu, kanta ta cuta, domin ranar aiki da hannu babu mai tsaya mata. Ki dage da Turanci, da shi ake tambayar. Ki kuma koyi taɓa kwamfuta tun yanzu, ko da sa'a guda ce a mako.

Kafin iyayenki su biya ko kwabo, a bincika a tabbata Majalisar ta amince da makarantar, kuma ta amince da wannan kwas ɗin da za ki yi. Makarantun kuɗi sun yi yawa a garuruwanmu, kuma ɗalibar makarantar da ba a amince da ita ba ba za ta ko shiga ɗakin jarrabawar ba. Bayan kin shiga kuma ki tabbata an aika da sunanki an ba ki lambar ɗalibta ta Majalisar.

Kada kuma ki ce tun da an soke kora bari in yi sakaci. Kowace faɗuwa wata shida ce ta ranki, alhali sa'o'inki sun kama aiki suna karɓar albashi.

GARE KU MATAN AURE

Ke da kike karatu daga ɗakin miji, ki zauna da maigida tun kafin zango ya fara, ki nuna masa watannin jarrabawa da kwanakin da aka wajabta miki. Magana mai daɗi a lokacin da ya dace ta fi kuka bayan sakamako ya fito. Ki nemi wadda za ta riƙe miki yara ranar kwanan asibiti. In kin faɗi, ki je wurin malamanki ki tambayi ainihin sashen da kika gaza, ki sa ƙarfinki a nan, kada ki yi ta bitar abin da kika riga kika iya. Ki riƙa lura da rajistar halarta da kanki, kada ranar lissafi a ce ba ki cika ba.

Ku kuma iyaye da surukai da abokan zama, ku ji tsoron Allah game da yarinyar da ta faɗi. Gori da habaici ba su taɓa sa kowa ya ci jarrabawa ba. A ɗauke mata girki na 'yan makonni, a bar ta ta yi karatu. Wa ya sani, watakila ita ce za ta karɓi haihuwar 'yarki ranar da dare ya tsala kuma likita ya yi nisa.

Muna roƙon mazajenmu su ma, in an karanta musu wannan fili, su taimaka. Wanda ba ya son namiji ya duba matarsa, shi ya fi cancanta ya bar 'yarsa ko matarsa ta koyi wannan aiki har ta gama.

Duk wadda ke cikin wannan hali, ko ta taɓa faɗuwa ta maimaita ta ci, ta rubuto mana yadda ta yi domin 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya ba 'ya'yanmu sa'a, ya sauki masu ciki lafiya, amin. Sai mun sake saduwa in Allah ya kai mu.