Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Kano



Yaran da ke kwana a ƙarƙashin gadoji da rumfunan kasuwar Sabon Gari ba duka ne almajirai ba. Akwai marayu, akwai waɗanda mutuwar auren iyaye ta watsar. A 2020, lokacin korona, an loda almajirai a motoci an mayar da su jihohinsu, amma titunan ba su daɗe ba suka sake cika.

Roƙonmu, a sa masu unguwanni da limamai su nemo dangin yaran nan. Wanda ba shi da kowa, a ba shi wurin kwana da abinci, a haɗa shi da tela ko bakanike ya koyi sana'a. Hukumar Zakka da Hubusi ta ɗauki wani kaso na nauyin.

Wassalam,
Wani mazaunin Kano