Yaron da Ke Toshe Kunne Ranar Kasuwa



Ranar Lahadi, ranar kasuwar Illela, hanyar Araba ba ta hutawa. Tireloli danƙare da shanu, 'yan kabu-kabu na ta hon, mutanen Konni na tururuwa. Mu mun saba. Amma akwai yaron da wannan hayaniya ke dukan kansa kamar guduma. Sai ya toshe kunne da tafin hannu, ya durƙusa yana kaɗa jiki gaba da baya. Kira sunansa ka gaji, ba zai ɗago ba, alhali ba kurma ba ne. In ya koma gida zai jera murafan kwalba a layi, kuma kada Allah ya sa wani ya gusar da guda.

Sai ka ji ana cewa iska ce, ko ɗan ruwa ne, ko uwar ce ta sangarta shi. Daga nan hayaƙi da rubutu, wani gidan har da mari a ƙafa. Wannan lalura ita ce galahanga, kuma daga yadda ƙwaƙwalwa ke girma take, ba laifin uwa ba ne. A shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. To ku ƙirga yaran unguwarku.

Dillalan kara, ga labarin da ya shafe ku. Temple Grandin, Ba'amurkiya mai galahanga, ta haura shekara uku ba ta magana. Da ta girma, sai ta shiga hanyar da ake kora shanu, ta sunkuya daidai idon saniya, ta ga abin da ke sa su turjewa: inuwa a ƙasa, sarƙa mai lilo, ƙyallin ruwa. Abin da ke razana ta, shi ke razana su. Tsarin da ta zana ya bazu a mayankan Amurka, ita kuma ta zama farfesa a jami'ar jihar Colorado.

Ba kowane yaro zai zama Grandin ba, wani har ya tsufa sai an kula da shi. Amma ko shi yana koyo in an fara da wuri. Asibitin ƙwaƙwalwa na Kware na kan hanyarmu ta zuwa Sakkwato, sai dai sunan Kware kaɗai ke sa iyaye ja da baya, don gudun a ce ɗansu ya haukace. Likitan da zai duba yaron yana can, kuma motar Illela ta ƙofar garin take wucewa kullum.