MAI KUNNE A KE TAMBAYA

Duk wanda ya shiga mota ko ya ratsa kasuwa a zamanin nan ba zai rasa ganin samari da 'yan mata, har da manya masu furfura, da wani ɗan abu fari ko baƙi maƙale a kunne ba. Shi ne iyafis marar igiya, watau ɗan abin sauraron nan da ke karɓo murya daga wayar hannu ta cikin iska. Da fari jama'a sun riƙa zaton mai shi ya zautu, domin ga shi yana tafe yana magana shi kaɗai. Yau kuwa ko waiwaye ba a yi. Tun da ya ke abin ya shiga gidajenmu, ya kuma shiga aljihunmu, ya kamata mu tsaya mu duba yadda a ke ƙera shi, da wanda a ke tunawa da shi sa'ad da a ke ƙerawa.

Hanyar da muryar ke bi daga waya zuwa kunne ana ce da ita Bluetooth. Injiniyoyin kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne suka soma aikinta a 1994, daga baya aka laƙaba mata sunan wani sarkin Denmak da ya yi zamani shekara dubu da suka wuce. An daɗe ana amfani da ita kafin a iya raba 'yan kunnen biyu, kowane ya tsaya da batirinsa. Waɗansu ƙananan kamfanoni na Jamus da Suwidin ne suka fara gwadawa, amma kasuwa ba ta buɗe sosai ba sai a 2016, sa'ad da kamfanin Apple na Amurka ya fito da wayarsa iPhone 7 ba tare da 'yar kafar nan da a ke soka igiyar iyafis ba, sa'an nan a watan Disamba ya soma sayar da AirPods a kan dala 159. Waɗansu manyan kamfanoni suka yi masa dariya, ba a jima ba su ma suka toshe tasu kafar. A lura fa, masu saye ba su yi kuka sun ce a toshe kafar nan ba. Toshewa aka yi, sa'an nan aka miƙo musu magani su saya.

Kullum kamfanonin nan suna shelar cewa su masu sauraron mai saye ne, da shawararsa su ke aiki. Ba za mu ƙaryata su ɗungum ba, gama an yi gyara ƙwarai. Kunnuwan mutane ba iri ɗaya ba ne, har na dama ya kan bambanta da na hagu a jikin mutum guda. AirPods na farko busasshiyar roba ce mai girma ɗaya. Wanda ta dace da kunnensa ya ji daɗi, wanda ba ta dace ba kuwa, ko ta riƙa faɗuwa ko ta ci masa kunne. Mutane suka yi ta ƙorafi. A 2019 aka fito da wani sabo mai bakin roba mai laushi, girma uku, a 2022 aka ƙara na huɗu domin masu ƙananan kunnuwa. Yanzu masu ƙira su kan auna dubban kunnuwa kafin su tsai da siffa ɗaya. Aka kuma sa wa abin dabarar kashe hayaniya: wani ɗan makirfo ya saurari ƙarar da ke waje, na'urar ta fitar da kishiyarta, su yi karo su kashe juna kafin su kai ga dodon kunne. Akwai kuma dabarar buɗe wa sautin waje hanya, don kada mai tafiya a titi ya kasa jin odar mota. A watan Satumba na 2024 ma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda manya masu ƙaramin raunin ji ko matsakaici su yi amfani da AirPods Pro na biyu a matsayin na'urar taimakon ji. Wanda ya san tsadar irin wadda a ke rubutawa a asibiti ya san wannan alheri ne babba.

To, amma in an duba da kyau, yawancin gyare-gyaren nan dangi ɗaya ne. Su ne waɗanda mai saye zai gani ranar ciniki, su sa shi ya zaro kuɗi. Akwai wani kuka da ba ya tasowa sai bayan shekara biyu ko uku da yin ciniki, shi ne har wa yau galibin kamfanoni suka yi kunnen uwar shegu da shi, watau kukan batir.

Cikin kowane ɗan kunne akwai batirin litiyam da bai fi ƙwayar wake girma ba. Irin wannan batir, duk sa'ad da aka cika shi aka zuƙe, ƙarfinsa ya kan ɗan ragu, kuma da ya ke ƙarami ne, mai yawan sauraro ya kan cika shi ya zuƙe fiye da sau ɗaya a yini. Abin da ke kai awa biyar yana sabo, sai a wayi gari da ƙyar ya ke kai awa ɗaya. Wannan halin batir ne, ba mai iya hana shi. Laifi yana ga wanda ya san haka sarai, amma ya ɗauki batirin ya liƙe shi da gam a cikin kwanson da ba ya buɗuwa sai an fasa. Kamfanin iFixit na Amurka, wanda sana'arsa ce ya warware kayan lantarki ya bayyana sauƙin gyaransu, ya ba AirPods sifiri cikin goma. Ko mai shi ya koma wurin masu ƙira, galibi ba batir za a sake masa ba, wani ɗan kunnen za a sayar masa. Ga lasifika lafiya lau, ga makirfo lafiya lau, amma duk sai a zubar. Daidai ya ke da mutum ya sayi fitilar ƙwai, lagwani ya ƙare, a ce masa ya yar da fitilar ya sayi wata.

Masu ƙira suna da hanzari. Sun ce abin ƙarami ne ainun, ba wurin sa murfi, kuma liƙewar ita ce ke hana gumi da ruwa shiga. Mun ji, amma hanzarin ya karye tun 2024, shekarar da kamfanin Fairphone na ƙasar Holan ya fito da nasa, Fairbuds, wanda mai shi zai iya cire batirin kowane ɗan kunne, da na akwatin cajin, ya sa sabo da hannunsa, kuma gumi da yayyafi ba sa lalata shi. iFixit ya ba shi goma cikin goma. In ƙaramin kamfani ya iya, me zai hana masu ɗimbin dukiya da injiniyoyi? Amsar da mu ke zato ita ce, wanda ya sake batir ba zai sayi sabo bana ba.

Tarayyar Turai ba ta tsaya jiran kamfanoni su ga dama ba. Tun ƙarshen Disamba na 2024 ta tilasta cewa wayoyi da iyafis da makamantansu su yi amfani da bakin caja iri ɗaya, wanda a ke kira USB-C. A wata doka kuma ta 2023 ta ce daga watan Fabrairu na 2027 lalle ne a ƙera kaya yadda mai su zai iya cire batir ya sake, in ban da waɗansu da aka keɓe.

Mu nan abin ya fi shafa, domin abin da ke kashe batirin litiyam da wuri shi ne zafi, ga shi kuwa a Sakkwato da Maiduguri ma'aunin zafi ya kan haye 40 a watan Afrilu. Ƙurar hunturu ta kan toshe 'yar ragar da sauti ke fita. Wutar lantarki ba kullum ba, sabo da haka akwatin da ba ya riƙe caji ba shi da amfani ga wanda sai ya kai shago ya biya kafin a yi masa. Mace mai hijabi, in abin nan na shafawa ne, ta kan sha wahala kafin ta amsa kira, alhali da ɗan maɓalli ne na dannawa, da ko ta saman mayafi ta danna. Sa'an nan mu mutane ne masu gyara. A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano akwai yara masu basira da za su sake wa waya gilashi da batir kafin mai ita ya gama shan ruwa, amma in an miƙa musu iyafis da ya mutu, galibi sai su girgiza kai, domin an ƙera shi ne yadda hannu ba zai shiga ba.

Kada a ce ba mai ƙera kaya domin irinmu. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai wayoyin Tecno da itel da Infinix, ya kama kasuwar Afirka ne ta hanyar lura da zaman mutanenta. Ya ga muna riƙe layi biyu, ya yi waya mai ɗaukar sim biyu. Ya ga wuta ba ta zama, ya girmama batir. Ya ga hoton baƙar fata ba ya fita a waɗansu wayoyi, ya gyara kyamara. Shi ne kuma mai Oraimo, wanda iyafis ɗinsa ya cika kasuwanninmu, yana da shagunan gyara na Carlcare a birane da dama. Wanda ya riga ya san wannan hanya, shi ya fi cancanta ya fara fito mana da iyafis mai buɗuwa, ya sayar da batirinsa dabam, ya kuma sayar da ɗan kunne guda ga wanda ɗaya ya faɗa masa a kwata. Ko kusa ba daidai ba ne a sa mutum ya sayi biyu da akwati don ya ɓatar da ɗaya.

Akwai kuma wani wuri inda sauraron mai saye ba ya nufin a ba shi duk abin da ya roƙa. A kasuwa, in saurayi zai gwada iyafis, sai ya ƙure ƙara. Wanda ya fi amo shi ne mai kyau a wurinsa, 'yan kasuwa kuwa sun gane, abin da su ke talla da shi ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da miliyan dubu ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji sabo da irin wannan sauraro. A 2019 ita da hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da ƙa'ida: babban mutum kada ya wuce awa 40 a mako a kan ƙarar desibel 80, yaro kuwa desibel 75. In ƙara ta kai 90, awa 4 kaɗai ke gare shi a mako. 'Yan ƙananan gasun da ke can cikin kunne, waɗanda su ke kama sauti, in sun mutu ba sa sake tsirowa, kuma ba sa mutuwa da ciwo balle mutum ya farga. Sai dai a hankali ya ga yana ta cewa a maimaita masa magana. Mai ƙira na kirki shi ne zai sa abin ya riƙa lissafa yawan ƙarar da aka sha, ya yi gargaɗi, ya kuma ba iyaye ikon ƙayyade wa yara. Har bakin robar nan da ya dace da kunne yana da hannu a nan, gama wanda hayaniyar tasha ba ta shigar masa ba, ba ya bukatar ƙure ƙara.

Mun san ba kowa ke iya sayen na manyan kamfanoni ba, kuma mafi yawan abin da ke hannun talakawa mai araha ne, wani ma jabu ne mai ɗauke da sunan da ba nasa ba. Nan aikin hukuma ya ke. Muna da hukumar SON mai kula da ingancin kaya tun 1971, muna da FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda dokar 2018 ta kafa. Shawararmu gare su ita ce, kada a bari iyafis ya shigo ƙasa sai an rubuta a jikin kwalinsa, da harshen da mai saye zai gane, awa nawa ya ke kaiwa, ko batirinsa yana sakuwa, da garantin wata nawa, da wurin da za a kai ƙara. A kuma riƙa ɗibar kaɗan daga kasuwa ana gwadawa, domin rubutu a kwali ba wuya gare shi ba.

A 2022 duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki da ya kai tan miliyan 62, abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa bai kai rubu'i ba. Iyafis ɗan mitsitsi ne cikin wannan tsibi, amma batirinsa na iya kama wuta in an matse shi ko an jefa shi cikin bolar da a ke ƙonawa, mu kuwa ƙona shara mu ke yi a bakin gida, yara suna wasa a gefe. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya suna iya ajiye akwati a bakin kowace kasuwa domin karɓar matattu, su kuma riƙa rubuta irin ƙorafin da a ke kawo musu, da sunan kayan da watannin da ya yi kafin ya mutu, su miƙa wa dillalan da ke shigo da su daga Sin, domin dillalan nan su ne masu magana da masana'anta kai tsaye.