Albashin da manomin Tudun Wada bai taɓa karɓa ba

Duk lokacin da kamfanoni suka ƙara kuɗin wasannin bidiyo, sai wani jadawali ya sake karaɗe intanet: a ƙasa kaza, awa kaza ma'aikaci zai yi kafin ya sayi gem guda. Masu yaɗa shi kan riƙe shi tamkar hukuncin alƙali. Ba su cika tambayar wane ma'aikaci ake nufi ba.

Lissafin kansa ba wuya. Tun 2020 manyan sababbin wasanni suka fara komawa dala 70. Mafi ƙarancin albashi na tarayyar Amurka dala 7.25 ne a awa, bai motsa ba tun 2009, wato ƙasa da awa goma ta isa. A Kano, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya amince da naira 71,000 a wata a Oktoban 2024, bayan dokar tarayya ta tsayar da 70,000. In aka yi canji a kan naira 1,500, dala 70 ta zama naira 105,000, kusan albashin wata ɗaya da rabi, ko aikin sama da awa 250.

Adadin da ban tsoro, amma ma'aunin gurgu ne ta ƙafa biyu. A Amurka kusan kashi ɗaya cikin ɗari kacal na masu aikin awa ke karɓar wancan kuɗi ko ƙasa da shi, domin jihohi 30 sun ɗaga nasu. A can adadin ƙasan rijiya ne. A nan kuwa, ga mutane da dama, rufin ɗaki ne da hannu bai kai ba. Dokar ta tsame duk wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta tsame aikin gona na damina, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki suna sana'o'in da ba na hukuma ba ne. Mai noman masara a Doguwa, da matar da ke turara shinkafa a Tudun Wada, da ɗan acaɓan Kiru, wa ya taɓa yanka musu albashi? Kuɗinsu na shigowa ne da kaka ko ran kasuwa. Jadawalin ya yi wa Najeriya kwalliya, ya kuma talautar da Ba'amurke fiye da yadda yake.

Abin da ya fi muni, farashin da ake aunawa ba shi matasan yankin ke biya ba. Kantin Steam ba ya sanya farashi da naira. Yaron Bebeji ba ya sayen faifan dala 70. Gidan gem yake zuwa, ya biya kuɗin wasa ɗaya, su kara da abokinsa a ƙwallo, wanda aka ci ya miƙa wa na bayansa. Ko kuma ya sauke Free Fire ko eFootball kyauta a wayarsa. Na'ura guda tana ɗaukar unguwa guda, shi kuwa jadawalin ya ɗauka kowa da tasa a falo.

Tsadar da ke cizon wannan yaro tana wani wuri daban. Janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin kunna janareton da gidan gem da mai cajin waya suka dogara da shi. A Janairun 2025 hukumar NCC ta bai wa kamfanonin sadarwa damar ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Babu layin fetur a jadawalin, babu na data.