Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi

Ranar 12 ga watan Disamba na shekarar 2023, mazauna birnin Oklahoma na ƙasar Amurka suka fita jefa ƙuri'a a kan tambaya guda: shin sun yarda a gina sabon zauren wasanni a tsakiyar birni da kuɗin harajinsu? Kashi 71 cikin 100 na waɗanda suka yi zaɓen suka ce sun yarda. Ginin zai ci aƙalla dalar Amurka miliyan 900, wato sama da miliyar 500 na kuɗin sefa. Cikin waɗannan maƙudan kuɗi, attajiran da suka mallaki ƙungiyar ƙwallon kwando ta Thunder, wadda don ita ake ginin, miliyan 50 kaɗai za su zuba, abin da bai kai kashi 6 cikin 100 ba. Sauran duka daga aljihun jama'a zai fito, akasarinsa ta hanyar harajin kashi 1 cikin 100 a kan kayan da ake saye cikin birnin, na tsawon shekaru 6.

A namu ra'ayi, wannan ciniki bai yi ba. Amma kafin mu faɗi dalilanmu, adalci shi ne mu kawo hujjojin masu goyon baya, a sahun gabansu magajin garin, David Holt. Sun ce ginin mallakar birni zai kasance, ƙungiyar kuma ta ɗauki alkawarin zama nan shekaru 25. Sun ce birni mai mutum kimanin dubu 700 ya yi suna a duniya albarkacin ƙungiyar, wadda ta ci kofin gasar NBA a shekarar 2025. Ba mu raina wannan hujja ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda gari ke ruɗewa da murna ranar da ɗan kokowarsa ya shigo da takobi, ya san akwai daɗin da kuɗi ba su auna shi.

To amma mene ne amfanin mallakar da ba ta wuce takarda ba? Tsohon zauren birnin an buɗe shi a 2002, da kuɗin haraji kimanin dalar Amurka miliyan 89. A 2008 aka sake komawa wurin jama'a neman kuɗin gyara shi. Shekara 21 bayan buɗe shi aka ce ya tsufa, sai sabo. A tsakanin nan, ƙungiyar ce ta ƙulla yarjejeniyar da ta liƙa ma zauren sunan kamfanin Paycom a 2021. Su kuwa attajiran, dalar Amurka miliyan 350 suka sayi ƙungiyar a 2006, ga shi darajarta ta haura miliyar 3. Talakka ya gina, ya gyara, zai sake ginawa, amma bai da ko taro cikin wannan riba. Abin da masu iya magana ke cewa ke nan, kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

Ana yawan cewa irin wannan gini yana raya kasuwanci kuma yana samar da aikin yi. Masana tattalin arziki sun daɗe da auna wannan zance, tun daga littafin da Roger Noll da Andrew Zimbalist suka tsara a 1997, kuma akasarinsu sun tsaya a kan cewa ribar ba ta kai abin da aka kashe. Dalilin a fili yake. Magidanci yana da iyakar abin da yake kashewa wajen shaƙatawa. In ya kai shi wurin kallon wasa, to ya hana ma mai gidan abincin unguwarsu ke nan. Kuɗin sun sake aljihu ne kawai, ba su ƙaru ba. Ƙungiyar NBA kuwa wasa 41 take yi a gida cikin zagayen gasa, don haka yawancin ayyukan da ake alfahari da su na ƴan awoyi ne.

Ga kuma nau'in harajin da aka zaɓa. Harajin saye bai san mai hali ba, bai san maras hali ba, kamar dai yadda TVA ta kashi 19 cikin 100 take a nan ƙasarmu. Matar da ke share ofis za ta biya duk lokacin da ta shiga kanti, ko da kuwa ba ta da kuɗin tikitin shiga zauren da take ginawa.

To mi ya sa mutane suka yarda? Tsoro. Wannan ƙungiya a birnin Siyatul take tun 1967, ta yi ƙaura zuwa Oklahoma a 2008 bayan da aka hana ta kuɗin jama'a na gina sabon zaure. Mutanen Oklahoma sun san yadda suka same ta, sun san kuma haka za su iya rasa ta. Gaskiya ne Siyatul ta yi rashi. Amma daga baya ƴan kasuwa sun sake gina zauren birnin da kuɗinsu, sama da dalar Amurka miliyar 1, aka buɗe shi a 2021, kuma yana nan mallakar birni. Ashe in hukuma ta tsaya kai da fata, mai neman riba yana iya buɗe jakarsa.

A Nijar ba mu da attajiran ƙungiyoyi masu yi ma gari barazanar ƙaura. Gwamnati ce mai gini, kuma in ba ta gina ba, ba mai ginawa. Don haka ba mu ce kada a taɓa kuɗin ƙasa don wasanni ba. Ƙasar da yawancin mutanenta matasa ne, wadda ke gasar kokowa ta takobi tun 1975, tana buƙatar filaye. Inda labarin Oklahoma ya taɓa mu shi ne cewa biyan kuɗin gini somin taɓi ne. Filin wasa na Janar Seyni Kountché da ƙasar Sin ta gina, aka buɗe a 1989, ya amshi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2005 da gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20 a 2019. Duk da haka, da hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta ƙi amincewa da shi, ƴan wasan Mena sun buga wasan “gida” a Kwatano a 2022, da Marakesh ta ƙasar Maroko a 2023. Mai fili ya koma ɗan haya a gidan wani, ƴan kallo na gida kuma sai dai rediyo da talabijin.

Bukukuwan 18 ga Disamba sun bar ma jihohi gine-gine: Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Damagaram Sabuwa a 2018. Haƙƙin mazauna waɗannan garuruwa ne su tambayi magabata nawa ake ware ma kula da su kowace shekara, kuma ina kuɗin hayarsu da na tikiti ke shiga.

Saboda haka muna kira ga gwamnati da majalisun birane, kafin a aza harsashin duk wani sabon fili, a cika sharuɗɗa huɗu. Na farko, a bayyana ma jama'a kuɗin aikin, da wanda aka ba kwangila, da bashin da za a ci. Na biyu, a rubuta kuɗin gyara na kowace shekara cikin kasafin kuɗi tun kafin a zuba siminti. Na ukku, duk ɗan kasuwar da zai ci riba da filin, ta hanyar talla ko haya ko shaguna, ya zuba daidai da abin da zai kwasa. Na huɗu, ƙofa ta zama a buɗe ga ƴan makaranta da ƙungiyoyin unguwanni a ranakun da babu babban wasa.

Mutanen Oklahoma dai an tambaye su, sun amsa, kuma su za su biya. Mu nan ko tambayar ba a saba yi mana ba. In sharuɗɗan nan ba su samu ba, gara a bar kuɗin su tafi ga ajujuwan zana da gidajen likita da ke jiran rufi.