Raddi ga masu zargin ƙungiyoyin rajistar zaɓe na Amurka

Wata magana ta yawaita a bakin wasu masu sharhin siyasar Amurka, cewa ƙungiyoyin sa-kai da ke bin mutane kasuwa-kasuwa suna yi musu rajistar zaɓe, suna kuma kai gwamnatocin jihohi ƙara idan an tsaurara sharuɗɗa, ba kowa ba ne illa 'yan jam'iyya da suka ɓad da kama, kuma wai dokokin da suke yaƙa an kafa su ne domin tsare zaɓe daga maguɗi. Da yake maganar tana da kamannin hujja, ya wajaba a warware ta, bayan an tuna wa mai karatu cewa a can babu hukuma guda irin INEC mai rajistar ƙasa baki ɗaya. Kowace jiha da dokarta.

Shubuha ta farko ita ce ta ɓangaranci, kuma wadda aka fi jifa da ita ita ce League of Women Voters, ƙungiyar da Carrie Chapman Catt ta kafa a 1920, wata shida kafin tsarin mulki ya tabbatar wa mata ƙuri'a. Gaskiya ne tana bayyana ra'ayinta a kan wasu mas'aloli, kuma mai neman sukarta ta nan ba zai rasa abin faɗa ba. Amma ba ta tsai da ɗan takara, ba ta kuma mara wa jam'iyya baya, kuma dattijuwar da ta kafa tebur a ƙofar ɗakin karatu, da takardu da biro a gabanta, duk wanda ya tsaya sai ta miƙa masa, ba tare da ta san inda zai jefa ƙuri'arsa ba. In kuwa yawaitar masu zaɓe na halal tana cutar da wata jam'iyya, to, ita jam'iyyar ce ya kamata ta binciki kanta.

Ta biyu, wadda ita ce ginshiƙin da'awarsu, batun maguɗi ne, kuma a nan malaman fiƙihu sun hutar da mu tuntuni, da suka ɗora kawo shaida a kan wanda ya yi da'awa. Jihar Kansas ta wajabta, daga 2013, cewa mai neman rajista ya kawo takardar haihuwa ko fasfo ko makamancinsu, bisa zargin cewa baƙi waɗanda ba 'yan ƙasa ba suna kutsawa. Kafin 2016 ta ƙare an riƙe ko an soke rajistar mutum fiye da 30,000. Da ƙungiyar League tare da wasu 'yan jihar suka kai ƙara, sakataren jihar na lokacin, Kris Kobach, wanda shi ne uban dokar, ya tsaya da kansa gaban alƙaliya Julie Robinson a 2018, aka ba shi fili ya baje bayyinarsa, sai abin da ya tabbata bai wuce baƙi 39 da suka yi rajista tsakanin 1999 da 2012 ba, wasunsu ma da alama kuskuren ma'aikata ne ko rashin fahimta. Ta rushe dokar, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncinta a 2020. Wanda ya tare dubu talatin domin ya kama talatin da tara, ai ya ƙone rumbu ne saboda ɓera, kuma ban san wata shari'a, ta addini ko ta boko, da za ta kira wannan adalci ba.

Ta uku, cewa suka yi duk wanda zaɓe ya dame shi zai nemi rajista da ƙafarsa. A Mississippi, a 1964, baƙaƙen fata masu rajista ba su kai kashi 7 cikin 100 ba, saboda jarrabawar karatu da harajin zaɓe da barazana, har aka kashe matasa uku masu aikin yi wa mutane rajista a bazarar shekarar. Bayan dokar haƙƙin zaɓe ta 1965, zuwa 1967 sun kusa kashi 60. Kasalar ce ta warke cikin shekara uku?

Ta ƙarshe, wai dokokin da ake ɗora wa ƙungiyoyin tsari ne kawai. Florida ta rage musu wa'adin miƙa takardun da suka karɓa daga kwana 10 zuwa awa 48 a 2011, da tarar dala 50 a kan kowace takardar da ta makara, har wata malamar sakandare ta fuskanci tara don ta yi wa ɗalibanta rajista, ita kuwa League ta naɗe teburanta a jihar baki ɗaya, domin ba ta iya jefa 'yan sa-kanta cikin wannan hatsari. Sai da alƙali Robert Hinkle ya dakatar da sharaɗin a watan Mayu na 2012 sannan ta koma bakin aiki, ana saura wata biyar zaɓen shugaban ƙasa.